Katifar Mai Gadi

Shekara ashirin da uku ina gadin sito a unguwar Zariya,
bencin katako ya san ƙasusuwana ɗaya bayan ɗaya.
Ran da aka sallame ni ban biya gida ba,
na zarce babbar kasuwa, rumfar Hankurau.
Na taya, ya ce albarka.
Na tafi, na dawo, muka tsaya a jika arba'in da biyar.
Mai amalanke ya ɗaure ta da igiyar roba,
ina biye a ƙasa har Bagalam, ina kare ta daga babura.

Hankurau ya raka ni da wasiyya sai ka ce doki na saya:
"Kada ka shimfiɗa ta bisa siminti tsirara,
laima ɓarauniya ce, ta ƙasa take shiga.
Duk wata uku ka juya ta, kai ya koma ƙafa,
in ba haka ba za ta haddace ka,
ta yi rami daidai kwankwasonka.
Kuma ledar nan, Malam Nomau, ka cire ta."

Ledar ce ban cire ba.

Kwana tara muna bisa ƙaras-ƙaras,
in na motsa ta yi tsegumi,
in Gwamma ta juya ta faɗa wa maƙwabta.
Ga bazara, gumi ya kwanta ƙarƙashinmu kamar fadama.
Dare na goma Gwamma ta tashi zaune:
"Katifa muka saya, ko wani gadin ka samo?"
Da asuba ta sa reza.

Ita ta haɗa tsofaffin zannuwanta biyu
tela ya ɗinka wa katifa riga mai zif.
Ni na roƙo katakai huɗu daga sito,
na ɗaga ta taƙi ɗaya don iska ta ratsa.
Doka kuwa na kafa:
ba a shan fura a kanta, ba a tsalle,
maganin sauro ya ci wutarsa can bakin ƙofa.
Ilu maƙwabcina ya zo aro, baƙin suna sun cika masa ɗaki.
Na tuna kuɗin cizo ba ya sallama in zai shiga gida,
na miƙa masa tabarma biyu.
Sati guda yana amsa gaisuwata da hanci.

Ran Juma'a mukan jingine ta a katanga ta sha hantsi,
in bubbuge ta da sandar gadina,
ido ɗaya kan jar akuyar Gwamma
wadda ta riga ta ɗanɗana kusurwa guda.

Sai daren ruwan farko.
Aradu ta koro Lawali, jikana, ɗan shekara uku,
ya kutsa tsakaninmu yana rawar jiki.
Kafin kiran salla na ji ɗumi yana bin bayana.
Na buɗe baki.
Gwamma ta dube ni, na rufe.
"Kada ka kwara ruwa, soso in ya sha ba ya mayarwa.
Danna da tsumma. Ƙara dannawa.
Kumfar sabulu kaɗan, sauran aikin rana ne."
Ta bushe, wari ya tafi,
amma tabon ya zauna, mai lanƙwasa kamar gulbinmu da damina.

Abin da ban faɗa wa Hankurau ba:
har yau ba na barcin dare.
Ƙarfe uku idona biyu, kunnena na wajen ƙofa,
ina kwance bisa laushin jika arba'in da biyar
ina sauraron numfashin Gwamma,
wadda bayanta ya daina ciwo.

Jiya wata uku suka cika, muka kama ta mu biyu,
kai ya koma ƙafa, sama ta koma ƙasa.
Tabon Lawali yanzu yana kallon katako.
Ba mai ganinsa.
Ni dai na san inda yake,
nan wajen hannuna na hagu.